Jan Layin Baba: Jawabi a Sujadar Tunawa da Dattijonmu Mai Ƙaunar Jirgin Ruwa

 Mama, sannu da haƙuri. 'Ya'ya da jikoki, sannunku da rashi. Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

An ba ni ɗan lokaci in yi magana a kan rayuwar Baba. Sunansa na yanka yana rubuce a takardar sujada da ke hannunku. Amma daga bakin ruwan Yauri har ƙauyukan tsallake, in ka ce Baba Jan-Layi, ko yaro zai nuna maka gidansa. A kan wannan suna nake so in tsaya, domin a ganina halin mutumin duka yana cikinsa.

Ɗan gungu

An haifi Baba a wani gungu, wato tsibiri, a tsakiyar kogin Kwara, tun ba a datse ruwan ba. Matasa, ku saurara, domin tarihinku ne. A 1964 aka fara ginin madatsar ruwa ta Kainji, aka gama a 1968. Da ruwa ya taru ya zama tafki, an ta da mutane fiye da 40,000 daga garuruwansu zuwa sababbin matsuguni. Tsohon garin Bussa, inda Baturen nan Mungo Park ya rasu a 1806, yana ƙarƙashin ruwa yau. Gidan su Baba ma haka. Yana ɗan saurayi ya taya iyayensa kwashe tukwane da hatsi da awaki a kwale-kwale, suka bar gonakinsu da kaburburan kakanninsu.

Da yawa daga cikin tsaransa sun fito daga wannan ƙaura suna jin haushin ruwa. Shi kuwa ya riƙe ƙaunarsa ga kogin har ƙarshe. 'Ya'yansa sun gaya mini cewa in sun iso daidai inda ƙauyen yake a dā, yakan ɗaga filafili, jirgi ya tsaya shiru, ya nuna musu da hannu: nan ne gindin tsamiya, can ne ɗakin kakarku. Sai ya yi gajeriyar addu'a, su wuce.

Kun san Baba malamin makarantar firamare ne, a kan kujerar hedimasta ya yi ritaya. Da alli ya ci abinci, jirgi kuwa sha'awarsa ce. Sa'ad da abokan aikinsa suka karɓi albashin farko, wani ya sayi keke, wani rediyo. Shi masassaƙi ya nufa, ya ba da kafin alƙalami na ƙaramin kwale-kwale. In aka yi masa canjin makaranta, tambayarsa ta farko ita ce ko akwai ruwa kusa. Lokacin bikin Rigata na Yauri ba a samunsa a gida. Da ƙuruciya yana cikin masu tuƙi, da girma ya zo yana gaɓa yana yi wa samari ihu kamar ɗan yaro. Da aka biya shi kuɗin sallama, ya sayi injin Yamaha ya ɗora wa babban jirginsa, amma har ya kwanta ciwo bai bar filafili da gwangwala ba.

Ya san kogin nan kamar tsakar gidansa. Shi ya fara bayyana mini cewa Kwara tana kawo ruwa sau biyu a shekara. Akwai farin ruwa na damina, mai laka, wanda ruwan saman ƙasarmu ke kawowa. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ke tasowa tun daga tsaunukan ƙasar Gini, ya ratsa fadamun Mali a hankali har lakarsa ta kwanta, sa'an nan ya iso mana cikin hunturu, watanni bayan ɗaukewar ruwan sama. Ya san wuraren da kututturan itatuwan da tafki ya haɗiye suke laɓe, waɗanda in ruwa ya ja baya sukan tsaya dab da sama, su fasa cikin jirgi. In ya dubi gabas ya ga hadari, yakan faɗa maka ko za ka tsallake kafin iska ta iso ko kuwa ka zauna.

Asalin sunan

Kowane jirgi da Baba ya taɓa mallaka, yakan sa jan fenti ya ja layi a jikinsa, kamar taƙi ɗaya ƙasa da baki. In ana lodi, idonsa yana kan layin. Da zarar ruwa ya taɓa shi, magana ta ƙare. Ko buhun masara ne, ko ɗan sarki ne, ko fasto ne, sai a jira sawu na biyu. Kafin ya tura jirgi yakan ƙirga mutane da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya, in an sauka ya sāke ƙirgawa. In rana ta yi ja, ya ɗaure jirgi ke nan sai gobe.

Kada mu yi wa mamaci ƙarya don muna makokinsa. Baba yana da taurin kai, bakinsa kuma a bakin ruwa ba shi da taushi. Akwai waɗanda ke zaune a nan da ya taɓa saukarwa daga jirgi gaban jama'a, na ga suna murmushi. Akwai waɗanda suka ce masa matsoraci. Akwai ma ɗan'uwa mai bi da ya taɓa ce masa bangaskiyarsa ce ƙarama, tun da yake tsoron ruwa alhali ya yi addu'a.

Labarin da aka fi sani shi ne na bikin 'yarsa ta fari. An ɗaura aure a tsallake, hidima ta ja har yamma ta yi, dangin ango suka matsa a kai amarya a daren. Baba ya ce ba jirgin da zai taɓa ruwa. Aka roƙe shi, aka turo dattawa, aka ce zai kunyata gidansa. Ya ce gara a yi masa dariya shekara goma da a yi masa ta'aziyya kwana uku. 'Yan biki suka kwana a ajin makaranta a kan tabarmi, da gari ya waye ya kwashe su sawu uku. Surukin nan da ya fi kowa fushi ran nan yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin Baba. Sannu ba ta hana zuwa, in ji Hausawa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Abin da ruwan nan ya ci

'Yan'uwa, da a ce wannan hali ne kawai na tsoho mai tsautsayi da kayansa, da ban tsaya a kansa haka ba. Amma ku tuna da abin da ya same mu. A watan Mayu na 2021, jirgi ɗauke da mutane fiye da 150 ya tarwatse kusa da Warra, a ƙaramar hukumar Ngaski. Waɗanda aka ceto da rai ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. A watan Yuni na 2023, a yankin Patigi na jihar Kwara, mutane fiye da 100 suka halaka suna dawowa daga bikin aure cikin dare. A watan Oktoba na 2024, a yankin Mokwa na jihar Neja, jirgin masu halartar bikin Mauludi ya kife da dare, mata da yara da yawa suka tafi. Ruwa ba ya tambayar addinin mutum kafin ya ci shi. Mun yi kuka tare da maƙwabtanmu, su ma sun yi kuka tare da mu.

In ka bi labaran irin waɗannan haɗura, dalilan ba sa canzawa: lodi ya wuce kima, an yi tafiyar dare, katakon jirgi ya tsufa, an ci karo da kututture, ba kuwa mai rigar kariya. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedkwata a Lokoja, ta hana tafiyar dare, ta kuma ce kowane fasinja ya sa rigar kariya. Doka tana nan a rubuce. Amma ma'aikacin hukuma ba ya tsaye a kowane mashigi. Abin da ke tsaye a mashigi shi ne lamirin mai jirgi da haƙurin fasinja. Abin da hukuma ta rubuta a takarda, Baba ya riga ya rubuta shi da jan fenti tun yana saurayi. Bayan abin da ya faru a Warra, ya cire daga kuɗin fanshonsa ya sayo rigunan kariya, ya ce daga ranar ko jikansa ba zai shiga jirginsa babu ita ba. Shekaru fiye da hamsin yana kan ruwa, ba a taɓa zaman makoki saboda jirginsa ba.

Me Littafi Mai Tsarki ya nuna mana?

Bari in koma kan ɗan'uwan nan da ya ce bangaskiyar Baba ce ƙarama, domin na san har yanzu akwai masu irin wannan tunani a cikinmu. Mukan ce komai nufin Allah ne, in kwana ya ƙare ya ƙare, sai mu ƙara buhu biyar a kan jirgin da ya riga ya cika.

In kun koma gida ku karanta Ayyukan Manzanni sura 27. Ana kai Bulus Roma a ɗaure. Lokacin tafiya a teku ya riga ya wuce, Bulus ya gargaɗe su kada su tashi. Jarumin soja ya fi jin maganar matuƙi da mai jirgin, suka tashi, guguwa ta same su har kwana goma sha huɗu. Allah ya ba Bulus alkawari cewa ba wanda zai mutu. To, ku duba abin da mai alkawarin Allah a hannu ya yi. Da matuƙan suka so su sulale a ƙaramin jirgi, ya faɗakar da sojoji aka hana su, domin ya san ana bukatar gwanintarsu. Ya sa kowa ya ci abinci don ya sami ƙarfi. Suka zubar da alkama a teku don jirgi ya yi sauƙi. Luka, wanda ya rubuta labarin, har yawansu ya ba mu: mutum 276, dukansu kuwa suka kai gaɓar tsibirin Malita. Wani ya ƙirga su ke nan. Bangaskiya da lura tafiya ɗaya suka yi a cikin wannan jirgi.

Ku tuna kuma da Matiyu sura 4, inda Iblis ya kai Ubangijinmu ƙwanƙolin Haikali, ya ce ya yi tsalle tun da mala'iku za su tare shi. Yesu ya ƙi, domin gwada Allah zunubi ne. Wanda ya loda mutum tamanin a jirgin mutum arba'in, sa'an nan ya ce a rufe ido a yi addu'a, tsallen nan ne yake yi, kuma da ran waɗansu yake yinsa.

Ubangijinmu ya san jirgi sarai. Bitrus da Andarawas, Yakubu da Yahaya masunta ne, a bakin ruwa ya kira su. A cikin jirgi ya zauna ya koyar da taro, a bayan jirgi ya yi barci a kan matashi sa'ad da iska ta taso, kamar yadda Markus sura 4 ta ba da labari. Tekun Galili bai kai tafkinmu na Kainji girma ba ko kusa, tsawonsa kimanin kilomita 21 ne, amma iskarsa takan faɗo daga tuddai ba sallama. A 1986, da fari ya sa ruwansa ya ja baya, an tono wani jirgin katako na zamanin Yesu a cikin laka. Tsawonsa ya ɗan wuce mita 8, masu bincike kuma suka tarar an yi ta yi masa faci da katako iri iri. Ranar da na ba Baba wannan labari ya yi dariya har da hawaye, ya ce ashe manzanni ma sun san wahalar faci da kwalta.

Kada kuma mu manta cewa ta ruwa bishara ta iso ƙasarmu. Samuel Ajayi Crowther ya hau kogin Kwara a 1841, a 1857 kuma jirginsu mai suna Dayspring ya fashe a kan dutse kusa da Jebba, bai kuwa fasa aiki ba. A Patigi, bakin kogin nan, mishan na SIM ta kafa tasharta ta farko a 1902. Ta kogin Binuwai Dokta Bronnum ya isa Numan a 1913. Baba ya ɗauki kansa ƙaramin magajin masu tuƙa waɗannan bayin Allah. Shekara da shekaru shi ke tsallakar da mai bishara zuwa ƙananan ikkilisiyoyinmu na tsallake ran Lahadi, bai taɓa karɓar kuɗin fito ba, ko na mai. An ce zumunta a ƙafa take. Tasa a filafili take.

Baba a cikin gida

Mutum yana iya zama gwani a waje, a gida kuwa a rasa mai yi masa shaida. Na zauna da Mama da 'ya'ya a makon nan, abin da na ji ya ƙarfafa ni. Wanda ke ƙirga fasinja a bakin ruwa haka yake ƙirga 'ya'ya a tsakar gida. Ba ya rufe ƙofa sai ya san inda kowa yake. Kowace asuba yakan tara gida a yi addu'a kafin a ɗora tukunya. Dukan 'ya'yansa ya koya musu iyo da kansa, mata da maza, a lokacin da mutane ke cewa wannan ba na 'ya mace ba ne. Da ƙanensa ya rasu, ya kwaso marayun ya haɗa da nasa, kwano ɗaya, makaranta ɗaya, har baƙo ba ya iya rarrabewa. Ran Asabar da la'asar yakan ɗauki Mama su biyu kawai su zaga bakin ruwa, mutane suna yi musu ba'a wai tsofaffi suna sabon aure. Mama ta ce mini a cikin jirgin nan suke warware duk wata matsala ta gida, domin a tsakiyar ruwa ba mai iya tashi ya fita cikin fushi.

A gidan ma akwai jan layi. Bai ci bashi don biki ba. Bai ɗora wa albashinsa abin da ba zai iya ɗauka ba. Ya san faɗin "ya isa" ga kansa kafin ya faɗa wa wani. Mu magidanta, mu tambayi kanmu: gidajenmu nawa ne ke shan ruwa yau saboda lodin da muka yi musu na bashi, da gasa, da neman suna?

Abin da ya rage mana

Ubangiji ya kira Baba a kan gadonsa, bayan gajeriyar rashin lafiya, iyalinsa suna kewaye da shi. Yabo ba zai ƙara masa komai ba yanzu. Saboda haka ina da roƙo huɗu.

Na farko, ga iyayena dattawa. Ina roƙo majalisar ikkilisiya ta duba tsarin taronmu. Duk taron mawaƙa, ko na Zumuntar Mata, ko na matasa da zai haɗa da 'yan'uwa na tsallake, a tashi da sauran rana, in kuwa ba zai yiwu ba a shirya musu wurin kwana. Kada wa'azinmu ya yi tsawon da zai jefa mutane cikin ruwa da duhu. Wannan ya haɗa da mu fastoci.

Na biyu, a keɓe baiko na musamman a sayi rigunan kariya, manya da na yara, a ajiye a hannun ma'aji, duk ƙungiyar da za ta tsallake ta karɓa ta dawo da su. In maƙwabci ya zo aro, ko wane ne shi, a ba shi.

Na uku, ga masu jirgi a cikinmu. Na san man fetur ya yi tsada, na san kowane fasinja kuɗi ne. Amma gwangwanin fenti ɗaya ya isa jirage da yawa. Ku ja layi, ku tsaya a kansa. Ku kuma fasinjoji, in mai jirgi ya ce ya cika, ku yi masa godiya maimakon zagi. Ranka ya daɗe wakilin Sarkin Ruwa, muna roƙo a isar da wannan magana, a shirye muke mu haɗa hannu da ku.

Na huɗu, ga 'ya'yana na gidan Baba. Mahaifinku ya bar gida, da gona, da jirgi. Kada a ji kanku a kan rabon gado. Wanda ya iya tuƙi ya riƙe jirgin a madadin kowa, ya sabunta fentin, ya ci gaba da kai mai bishara tsallake. Ku riƙe Mama da kyau. Bayan baƙi sun watse ne kaɗaici ke shigowa, saboda haka Zumuntar Mata, kada ƙafarku ta ɗauke daga gidan. Ku kuma koya wa jikoki iyo kamar yadda aka koya muku.

Mama, mun san wannan rabuwa tana da zafi, ba kuwa za mu ce kada ki yi kuka ba, gama Ubangijinmu ma ya yi hawaye a kabarin Li'azaru. Amma muna da bege. Baba ya ba da gaskiya ga Yesu Almasihu tun yana saurayi, ya riƙe bangaskiyarsa a inda masu bi ba su da yawa, ya zauna lafiya da kowa. Wanda ya mutu ya tashi saboda mu ya san yawan nasa, ba kuwa zai bar ko ɗaya a baya ba. A ranar tashin matattu za mu sāke ganin juna.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba na sama, mun gode maka saboda ran bawanka da shekarun da ka ba mu tare da shi. Ka ta'azantar da matarsa da 'ya'yansa da jikokinsa. Ka kiyaye dukan masu bin kogin nan, masunta da masu fito da 'yan kasuwa, Kirista da Musulmi. Ka ba mu hikimar sanin iyakarmu, da ƙarfin zuciyar tsayawa a kanta. Waɗanda za su tsallake yau, ka kai su gida lafiya. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.